Ƙasar da Shanu Suka Taka

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ruwa ya sauka da wuri a ƙasar Kabo. Sajo na Rugar Uwaisu, wani ɗan ƙauye da ke bayan Masanawa, ya dawo daga huɗar gonar gyaɗa ke nan, bai ko kwance wa bijimansa karkiya ba, sai matarsa Badi'a ta tare shi a ƙofar gida ta ce, "Inna tana nemanka."

Ya tsaya cak da igiya a hannu. Inna Asta ba ta neman Sajo. Ɗan fari ne, kuma ko da yake gidansu sun daɗe da sakin Fulatanci sun rungumi Hausa da fartanya, kunyar ba ta sake su ba. Ya haura shekara hamsin, furfura ta ci rabin gemunsa, amma bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. In tana da magana da shi, sai ta dubi bango, ko wata kaza mai wucewa, ta ce a faɗa wa wancan.

Ya yi sallama ya durƙusa daga bakin ƙofa. Tana kishingiɗe a kan tabarma, ta rame har zobenta na azurfa ya koma babban yatsa. Suka gaisa, ya tambayi jiki, ta tambayi gona da ruwa, duk idonta yana kan randa.

"A faɗa wa mai gidan nan," in ji ta, "tafiya ta matso. Tsohon Garke nake so, kusa da uwata. Kuma in an rufe ni, a kora shanu."

Sajo ya sunkuyar da kai. "Allah ya ƙara sauƙi, Inna."

"Sauƙi na wurin Allah. Ni dai na faɗa."

Wanda ba ɗan Rugar Uwaisu ba, ba zai ji nauyin maganar nan ba. Tsohon Garke wani fili ne a yammacin ƙauyen, inda shanun zuri'arsu suke kwana tun kaka da kakanni. A nan kuma suke binne mamatansu. Ba tudu, ba dutse, ba fasasshiyar tukunya. Sukan haƙa kabari da zurfi fiye da na kowa, su jera itacen marke masu kauri, su mayar da ƙasa, sannan su koro garken gaba ɗaya ya bi ta kai, ya dawo, ya kwana a wurin. Kafin gari ya waye, ko wanda ya yi haƙan ba zai nuna maka wurin da yatsa ba. Mata ne suka riƙe sanin inda kowa yake kwance, don su ne kullum a wurin da ƙwaryar tatsa. In an yi rasuwa, babbar matar gida take zuwa ta kifa ƙwarya a inda babu kowa a ƙasa, ta koma gida, maza su haƙa a nan.

Mahaifin Sajo ne na ƙarshe da aka yi wa haka. Bayansa ciwon bushiya ya shigo ya kwashe shanu, abin da ya rage kuma shekarun tsuke bakin aljihu suka ƙarasa. Yau a kai saniya kasuwa don taki, gobe a kai maraƙi don magani, har garken ya koma bijimai biyu na huɗa. Tun daga nan duk wanda ya rasu sai a kai shi makabartar Masanawa, ba wanda ya ce uffan. Sajo ya ɗauka abin ya mutu da kansa, yadda wuta take mutuwa in ba a ƙara mata ice ba. Ashe akwai garwashi a ƙarƙashin toka.

Ranar Juma'a ɗansa Mudassir ya zo daga Gwarzo. A can yake zaune, yana sayar da fetur a kwalba a bakin titi, kuma tun da aka fara maganar Shari'a ya shiga cikin samarin da suke aikin hisba na sa kai. Wandonsa ya ɗage, gemunsa ya fara tsiro. Bai zauna ba sai da ya leƙa ɗakin kakarsa.

"Ina amaryar tawa? Na ji an ce kina shirin yaji."

"Yaji kuma? Saki nake nema," in ji Inna Asta. "Miji sai warin fetur, ko turaren sisi babu."

"To ga lemo na kawo, a yi biko."

"Ka gani ko? Lemo ga mai haƙori ɗaya. Da ma an ce min marowaci ne, na ƙi ji."

Sajo yana jin dariyarsu daga zaure. Ya san ba za ta daɗe ba, don Badi'a ta riga ta tsegunta wa yaron maganar. Ai kuwa da aka yi la'asar sai ga Mudassir ya shigo ya durƙusa, fuskarsa ba walwala.

"Baba, da gaske ne abin da Umma ta faɗa min?"

"Me ta faɗa maka?"

"Wai za a kora shanu a kan kabarin Inna."

Kafin Sajo ya amsa, wata murya ta fito daga lungun zauren. "Ba wai ba ne." Baffa Hammadu ne, ƙanin mahaifin Sajo, tsoho busasshe wanda har yau yake yawo da sanda a gicciye bisa kafaɗa, ko da yake ko akuya ba shi da ita. "Haka aka yi wa yayana, haka aka yi wa ubana. Ni ma in Allah ya sa na cika a hannun mutanen kirki, haka za a yi min."

"Baffa, haramun ne. Malamai sun ce gara mutum ya zauna a kan garwashi da ya zauna a kan kabari. Zama ke nan fa. Ina ga kofato da kashin shanu?"

"Kai ɗan kwalba, waɗanda suka fara abin nan sun haddace Alƙur'ani tun ba a san fetur ba."

"Na yarda. Su dole ce ta sa su. Mu wa ya sa mu? Bature ya tafi tun kafin a haife ni." Ya juyo wajen ubansa, muryarsa ta yi ƙasa. "Baba, ba don abin da abokaina za su ce ba ne, ko da yake za su ce. Inna ce fa. Ta goye ni. Yaya zan tsaya ina kallo bijimi yana taka ta?"

"Ita ta ce tana so," in ji Baffa Hammadu. "Wasiyya ce. Ko ita ma kun soke ta a Gwarzo?"

Sajo ya dubi ɗansa, ya dubi baffansa. Abin da ya dame shi, duk wanda ya yi magana a cikinsu sai ya ji gaskiya ce. Uwarsa ba ta taɓa roƙonsa komai ba, ko goro. Abu ɗaya ta roƙa a duk rayuwarta, shi ma ta bakin randa. Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa, can ya ce, "Kun tsaya kuna faɗa a kan shanu, kun manta ƙwarya. Wa zai kifa ta? Badi'a ba ta san wurin ba, an kawo ta garke ya riga ya watse. Inna kaɗai ta rage. In ba ita ta nuna ba tun tana da rai, duk inda muka sara muna iya faɗawa kan wani."

Baffa Hammadu da Mudassir suka dubi juna.

"Gobe da hantsi zan ɗaura amalanke mu kai ta," in ji Sajo. "Kai Mudassir, kai za ka ja mana bijiman. Ka ji daga bakinta, sannan ka yi wa'azinka."

Washegari aka shimfiɗa mata katifa a cikin amalanke. Ta sa Badi'a ta ciro mata tsohuwar ƙwaryar tatsarta, wadda aka ɗinke tsagarta da zare, ta rungume ta a cinya. An yi ruwa da asuba, hanya ta yi laushi, dawa ta kai gwiwa dama da hagu. Mudassir yana gaba riƙe da igiya, Sajo yana tafe a gefe, Baffa Hammadu a baya da sandarsa.

"Kai miji," in ji Inna Asta, "an ce ka ce mu arna ne."

"Haba amarya, yaushe na faɗa?"

"To ka kusa. Rage sauri, ƙashina ba na roba ba ne. Ka san wane ne Uwaisu, da ake kiran garin nan da sunansa?"

"Kakanki."

"Uban uwata. Malami ne, mai shanu, ba ruwansa da kowa. Uwata Zubaidatu tana yarinya sa'ad da aka yi tawayen Satiru can ƙasar Sakkwato. Mu ina muka san Satiru? Labari ne kawai ya zo, wai talakawa sun kashe Turawa, Turawa sun dawo sun shafe garin. Bayan nan sai ga mutane suna wucewa gabas, ƙafafu a farfashe, ba sa son a tambaye su daga ina. Wasu suka sauka a garkenmu. Malam ya ba su fura da nono. Ɗaya ya cika a nan, ya yi masa salla. Laifinsa ke nan."

Amalanken ya faɗa wani rami, ta runtse ido har ya fita, sannan ta ci gaba.

"Lokacin kuwa Bature ya tsorata. Duk malamin da ya ga mutane a zaurensa, gani yake gobe shi ma zai ɗaga tuta. Sai ga wani ya zo a kan doki, da sojojinsa da tafinta. Aka tara garin. Ya ce a tambayi Malam me ya ce game da Mahadi. Malam ya ce, abin da littafi ya faɗa, zai zo a ƙarshen zamani. Ya ce, to yanzu ƙarshen zamani ne? Malam ya ce, Allah kaɗai ya sani. Amsar nan ba ta yi wa Bature ba. So yake a ce a'a."

"Da ya ce a'a ɗin," in ji Mudassir a hankali.

"Kai da kake wa'azi, za ka faɗi abin da ba ka sani ba don a ƙyale ka? Aka tara allunan almajiransa aka cinna musu wuta. Aka kwance masa rawani a gaban matansa, aka ɗora masa akwatin Bature a ka, dattijo da furfura, ya bi bayan doki. Da ya dawo ƙirjinsa ya riga ya tafi. Bai ga kaka ba. Aka binne shi yadda ake binne kowa, da tudu, da alama. Mutane suka riƙa zuwa suna yi masa addu'a, har daga Gude, wasu su ɗebi 'yar ƙasa su ƙulle. Labari ya kai wa Bature wai an yi wa ɗan tawaye hubbare."

Ta gyara zaman ƙwaryar a cinyarta. Ba a jin komai sai kukan ƙafar amalanke.

"Uwata tana bayan danga da ƙwarya a hannu ranar da suka dawo. Ta ce da rana tsaka suka tone shi. Suka naɗe a tabarma, suka ɗora wa jaki. Har ta mutu ba ta san inda suka kai ubanta ba. Ta ce ba kukan mata ne ya tsaya mata a rai ba, ramin ne, da suka bar shi a buɗe. To da ƙanin Malam ya rasu, shi ma malami ne, sai manya suka ce wannan ba za a taɓa shi ba. Suka sa shi a tsakiyar garke, suka koro shanu. Da ɗan aiken Bature ya zo ya ce a nuna masa kabari, aka nuna masa kashin shanu. Ya toshe hanci ya juya. Mata yana ganinsu suna tatsa, bai tambaye su ba. Wa yake tambayar mace?"

Sajo ya sha jin labarin nan, amma a guntu-guntu, daga bakin maza. Bai taɓa jin maganar ramin ba. Ya dubi ƙeyar ɗansa, ya ga yaron bai waiwayo ba.

Suka iso. Tsohon Garke ya yi kore shar, tafasa da zaƙi-banza sun cika shi, sun fi na ko'ina tsayi saboda tsohon taki. Fili ne fetal, ba bishiya ko ɗaya, sai wani faffaɗan dutse a gefen gabas. Mudassir ya ja igiya ya tsayar da bijiman a bakin ciyawar.

"Shiga mana," in ji Baffa Hammadu.

"Ba zan shigar da su ba, Baffa." Ya zagayo ya durƙusa a bayan amalanken. "Amarya, hau. Yau ni zan rama goyo."

Ta hau tana mita wai bayansa duk ƙashi ne. Suka kutsa cikin tafasar, raɓa tana jiƙa musu wanduna. Inna Asta ta ɗaga kai tana dube-dube.

"Ina tsamiyar?"

Sajo ya ji tambayar kamar an ɗora masa dutse. "An sare, Inna. Shekarar da kika yi jinya a Gude. An faɗa miki."

"Na sani an sare. A faɗa wa wancan kututturen nake tambaya."

"Masu gawayi sun tone shi."

"Marken fa?"

"Shi ma. Masu gidan burodi na Gwarzo suka saya, tare da tsamiyar." Sajo ne ya sayar, shekarar da hatsi ya ƙare tun kafin shuka, kananzir ya gagara, ice ya yi daraja. A lokacin bai ga komai a jikinsu ba sai buhun masara.

"To surin? Akwai suri babba, ja."

"Ƙasarsa aka yi yaɓen masallaci da ita," in ji Baffa Hammadu, murya ciki-ciki.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce da Mudassir ya yi gaba. "In ka tsaya a gindin tsamiya ka fuskanci marke, suri yana hagunka, uwata tana inda inuwar la'asar take ƙarewa. Gefenta na bar wa kaina, ban taɓa kifa wa kowa ƙwarya a nan ba. Yi nan. A'a, dawo. Tsamiyar ai ta fi kusa da hanya." Suka yi kudu, ta ce sun wuce. Suka dawo, ta ce ba nan ba ne. Ta nuna wani wuri da haɓa, har ta miƙa ƙwaryar, sai ta janye hannu.

"Nan kamar Goggo Sa'a ce," in ji ta. "Ko kuwa 'yan biyun nan."

Mudassir yana ɗaga ƙafa a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. "Wallahi ban san wa nake takawa ba," ya ce.

Sajo ya bar su ya nufi inda yake ganin an sa mahaifinsa. Shi da hannunsa ya jera itacen, shi ya fara kaɗa saniyar gaba. Duk shekarun nan in ya wuce ta hanya yakan dubi wurin ya yi addu'a, yana da tabbacin ya san shi. Yanzu da ya shigo ciki, sai ko'ina ya zama iri ɗaya. Nan ne, ko can inda ciyawa ta fi duhu? Ya tsaya yana juyawa. Ya dubi Baffa Hammadu, tsohon ya kawar da kai.

"Sauke ni," in ji Inna Asta.

Mudassir ya tattake tafasa ya zaunar da ita. Ta ɗora tafin hannunta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta daɗe a haka. Sajo ya zaci kuka za ta yi. Sai ta yi wata 'yar dariya.

"Lallai mun iya ɓoyo," ta ce. "Bature bai same su ba. Ga shi mu ma."

Mudassir ya tsuguna a gabanta. Ba wasan jika a muryarsa yanzu. "Inna, to ki bari a kai ki Masanawa. Akwai danginki a can. A yi miki kabari kamar na kowa, in zo in yi miki addu'a, in kawo 'ya'yana in nuna musu."

"Su kuma waɗannan fa?" Ta bubbuga ƙasa. "Kai kana ganin tsoron Bature nake ji? Ban taɓa ganinsa ba sai sau ɗaya, yana yi wa shanu allura. Uwata ba ta da tudu. Mijina ba shi da shi. Ni ce zan kwanta da alama a kaina, ana zuwa ana kiran sunana, su suna nan ko kare bai san da su ba? Abin da ya same su ya same ni. A faɗa wa wancan, ko ina ne a cikin filin nan, ya sa ni. Kuma a kora shanu."

Suka koma gida da ƙwaryar a cinyarta yadda suka zo da ita.

Inna Asta ta ƙara kwanaki, har gero ya fara fitar da kai. A cikin kwanakin nan Sajo bai yi maganar da kowa ba. In ya tashi daga gona sai ya bi ta Tsohon Garke, ya zauna a kan dutsen nan na gabas. A nan ne wani yammaci ya tuna abin da ya sani tun yana yaro. A gindin dutsen ake kafa dangwali, doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa. Shi ya sha ɗaure su. Ba a taɓa binne kowa a ɓangaren maruƙa ba, don kofatonsu ba shi da nauyin da zai baje ƙasa. Wurin haƙa dai ya samu. Ba kusa da uwarta ba ne, ko kuma kusa ne, Allah masani, amma cikin filin ne.

Saura shanu. In ya tuna ramin da aka bari a buɗe, sai ya ji ya fahimci mutanen da suka gwammace kofaton saniyarsu da hannun baƙo. In ya tuna yadda ya tsaya yana juyawa yana neman ubansa a cikin tafasa, sai ya ga ɓoyon nan su ma ya cuce su. Baffa Hammadu ba zai daɗe ba. Shi kansa Sajo ya kama hanya. Mudassir yana Gwarzo, 'ya'yansa a can za su tashi. Wata rana wani zai dubi ƙasar nan mai taki ya sa mata garma, ba da mugunta ba, don kawai ba abin da ya ce masa akwai mutane a ƙasa.

Ta cika ranar Laraba da hantsi, Badi'a tana ba ta ruwa.

Sajo ya kai masu haƙa gindin dutsen. Ya ce su yi zurfi irin na dā, ya sa aka nemo itace masu kauri. Da Baffa Hammadu ya ga zurfin sai ya gyaɗa kai, ya tafi ya kwanto bijiman, ya haɗa da wasu shanu da ya aro a wurin dangi a Gude tun da ya ga jikin ya yi nauyi. Da Mudassir ya ga zurfin sai idonsa ya kaɗa, ya karɓi diga ya shiga ramin. Shi kansa Sajo bai san abin da zai yi ba. Ya dai bar wa kansa ƙofa biyu.

A dā dangi kaɗai suke zuwa jana'izar Tsohon Garke. Wannan karon labari ya bazu. Mutanen Masanawa suka zo da limaminsu, abokan Mudassir suka zo daga Gwarzo a kan babura. Aka yi salla a ƙofar gida, aka ɗauko makara. Da aka iso bakin filin, liman ya tsaya ya dubi ciyawar, ya dubi Sajo.

"Malam Sajo, ina za mu tsaya?"

"Allah gafarta Malam, ban sani ba. Daga dutsen nan zuwa yamma duk mutane ne."

"Su nawa?"

"Wadda ta sani ita ce a makara."

Liman ya sunkuya ya cire takalmansa. Jama'a suka bi, suka jeru a gefen gabas, sahu siriri, ba wanda ya yarda ya gota dutsen. Samarin Gwarzo da suka zo da shirin magana suka tsaya da takalma a hannu suna kallon tafasa.

Aka sa ta. Aka jera itace, aka toshe da ganye da laka, aka mayar da ƙasa har ta zo daidai da fili. Sauran ƙasar tana gefe a tsibe. Daga nan sai hannuwa suka tsaya. Can baya ana jin numfashin shanu. Baffa Hammadu ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya riƙe igiyar bijimin gaba, yana jira. Mudassir yana durƙushe, jikinsa duk jar ƙasa, idonsa a kan ubansa.

Sajo ya dubi wurin. A baje yake, sumul. Ruwa biyu ya isa ya sa tafasa ta rufe shi. Ya ji muryarta sarai kamar tana gefensa tana magana da dutsen. Bai taɓa saɓa mata ba tun da ya yi wayo.

Ya miƙa hannu aka ba shi fartanya. Ya jawo ƙasar da ke gefe ya fara tarawa a kai.

"Sajo!" in ji Baffa Hammadu.

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da ja, yana daddaɓewa da bayan fartanyar, har tudun ya tashi kamar taƙi ɗaya. Mudassir ya kawo buta ya yayyafa ruwa. Sannan Sajo ya miƙe ya fuskanci jama'a.

"Ku shaida, filin nan makabarta ce, tun daga dutsen nan har inda ciyawar ta ƙare. Ba noma, ba kiwo. Wanda ya ga tudun nan ya tsaya, kada ya yi wa Inna addu'a ita kaɗai. Uwarta tana nan, da mijinta, da wasu da ba mu san sunansu ba."

Liman ya ɗaga hannu, aka yi addu'a mai tsawo, ya haɗa da na ƙasa duka, har da wanda aka ɗauke aka tafi da shi. Mutane suka fara watsewa suna yi wa Sajo gaisuwa. Baffa Hammadu bai matso ba sai da wurin ya rage. Ya zo da igiyar a hannu, idonsa jajur.

"Ba haka ta ce ba."

"Ba haka ta ce ba, Baffa."

"Kai za ka amsa mata."

"Ni zan amsa."

Tsohon ya daɗe yana kallon tudun. Sannan ya juya ya kaɗa shanun suka bi hanya, ya zagaye da su ta bayan gonar dawa.

Sajo ya ce da Mudassir ya je gida ya ɗauko gatari. Akwai ƙayar magarya a bakin rafi, kuma filin da faɗi, in suna so su kewaye ko gefen hanya ne kafin magariba, sai su fara yanzu.